Almakashi a Hannun Sajan

A aljihun gaban rigar Malam Yosiya, inda ya saba soke jan biro, yau kunnuwan almakashi ne suka leƙo. Malama Febi a wucewa ta gan su, tana rungume da littattafan 'yan aji biyar. Ta gaishe shi, ya amsa, har ta gota ƙofar ofis kafin abin ya isa cikinta. Sai ta tsaya cak a baranda.

Ita ce ta gayyaci 'yan sanda. Tun farkon zango aka ɗora mata ƙungiyar wayar da kan ɗalibai game da haƙƙin ɗan Adam, don ita ke koyar da darasin Sibik, na haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, kuma ita ce ƙarama a cikin malamai, ba ta iya cewa a'a ba. Da ƙafarta ta je ofishin 'yan sanda, ta zauna a benci har ƙugunta ya gaji, ta roƙi a turo wanda zai gaya wa yara abin da doka ta yarda ɗan sanda ya yi musu da abin da ba ta yarda ba. Aka yi mata alkawarin wata Sajan Saudatu. Yau ce ranar.

Abin da ta manta shi ne al'adar makarantar. Duk ranar da mai kaki ya shigo, soja ne ko ɗan sanda ko ma'aikacin kiyaye haɗurra, Malam Yosiya, malamin ladabtarwa, sai ya fito da masu laifi gaban taron safe, ya miƙa wa baƙon bulala ko almakashi, don baƙon ya fara hukuncin. A wurinsa girmamawa ce, kamar yadda ake ba babban baƙo wuƙa ya fara yanka kek a wurin biki. Yakan ce hukuncin da mai kaki ya yi ya fi daɗewa a jikin yaro.

Yau almakashi ya ɗauko. Kuma a duk makarantar akwai yarinya ɗaya da ke da kitso a ƙarƙashin ɗankwali, alhali dokar makaranta ta ce duk wadda ba ta sa hijabi ta aske kanta ƙasa-ƙasa.

Martina ke nan, 'yar ajin Febi. A wannan zangon aka dawo da ita daga Gitata, tana zaune wurin gwaggonta a Angwan Iya. Bara taifot ya kwantar da ita har gashin kanta ya zube, aka fara kiran dangi. Uwarta ta durƙusa a bakin gadon asibiti, ta yi wa Allah alkawari: in yarinyar ta tashi, ƙarfe ba zai taɓa kanta ba sai ranar godiyar kaka, bayan girbi, ranar da za ta riƙe hannunta ta kai ta gaban bagadi a cocinsu na Gitata. Yarinya ta tashi, gashi ya dawo, godiyar kaka kuma sai wata mai zuwa. Martina ba ta gaya wa kowa wannan ba sai Febi, wata rana bayan an tashi, tana magana tana kankare fentin tebur da farce. Febi ta ce mata, "Kada ki damu. Ni zan yi wa Malam Yosiya magana."

Ba ta yi ba. Kullum sai ta ce gobe.

Ta nufi ofishin firinsifal da sauri, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Masinja ya ce firinsifal ya tafi Lafia taro. Ta dawo ɗakin malamai ta ajiye littattafai, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Fanka ba ta juyawa. A waje hadari ya haɗu tun asuba ya ƙi zuba, zafi ya danne gari, rigar kowa ta manne a baya.

"A'a, Malama Haƙƙi, yau ranarki ce!" in ji Malam Ɗanbala mai lissafi, bakinsa cike da ƙosai. "Ina baƙin naki? Ni dai na zo da takardun babur ɗina, kada a fara da ni."

"Malam, don Allah."

"Wallahi da gaske nake. Wancan karon da soja ya zo, ni kaina sai da na gyara tsayuwa. Ki ci ƙosai mana, kin yi fari kamar wadda za a kai kotu."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta fita. Ta sami Malam Yosiya a gindin mangwaro yana sa yara jera kujerun baƙi. Dattijo ne a cocinsu a Tudun Ƙofa, abokin mahaifinta tun kafin a haife ta, shi ya kai ta tasha ranar da za ta fara jami'a. Ko a makaranta ba ta iya kiran sunansa ba.

"Baba, ina son in yi maka wata magana."

"Ɗiyata! Kin yi ƙoƙari. Kin san tun yaushe nake son a kawo 'yan sanda makarantar nan? Kai, kai, mai jan kujera, ɗaga ta za ka yi, ta ubanka ce?"

"Baba, taron yau na koyarwa ne. Ba na horo ba."

"Horo ai shi ne koyarwa."

"Akwai wata yarinya a ajina, Martina, maganar gashinta..."

"Mai ɗankwalin nan? Na ja mata kunne, na sake ja. Iyayen yanzu sai su tura yarinya makaranta kamar za ta gidan biki." Ya dafa kafaɗarta. "Ke kina da taushin zuciya, haka uwarki take. Ki bar mini wannan. Ke dai ki tarbi baƙuwarki."

Maganar tana bakin Febi, ta ji nauyinta a kan harshe. Sai dai ga yara kewaye da su, sun ɗaga kunne, kuma sirrin Martina ne, ciwonta ne, durƙuson uwarta ne. Ta ce a ranta bari su matsa tukuna. Kafin su matsa, wani ya kira Malam Yosiya kan lasifika ta ƙi kamawa, ya tafi yana faɗa.

Ta koma aji ta yafito Martina waje. Yarinyar ta goge kayan makarantarta har sun yi kari, ɗankwalin fari tas. Ita aka zaɓa ta yi wa baƙuwa maraba, ta kwana biyu tana haddacewa.

"Martina, ki ɗauki jakarki ki tafi gida. Ki ce kanki ke ciwo. Ni zan rufa miki."

"Malama, ni ce fa mai jawabi."

"Wata za ta yi."

"Wa? Hamdiya? Hamdiya ko sunanta aka tambaye ta sai ta yi kuka." Ta dubi Febi sosai. "Wani abu ne ya faru? Ba kin yi wa Malam magana ba?"

Febi ta dubi filin ƙwallo. "Na fara."

Martina ta taɓa ƙullin ɗankwalinta. Sannan ta ce, "To ai 'yar sanda ce za ta zo. Ba ke kika ce mana ba mai taɓa jikin mutum sai da yardarsa ko da izinin doka? Kin ce ko ɗan sanda ne, mu buɗe baki mu ce ba mu yarda ba, da ladabi. A gabanta ma ai ba zai yi ba."

Abin da ta koya musu ke nan, kalma bayan kalma, da alli a allo. Aka kaɗa ƙararrawa.

Sajan Saudatu ba da motar 'yan sanda ta zo ba, ɗan okada ne ya sauke ta a bakin ƙofa. Gajeruwar mace ce, baƙin hijabi a ƙarƙashin hular aiki, idanunta sun yi ja irin na wanda bai sami barci ba. Tana riƙe da takarda da aka ninke har ta yi laushi. Yaran da suka makara suna hango kaki suka watse, wasu ta katanga.

"Kin gani ko?" in ji Sajan, tana dariyar gajiya. "Ko gaisuwa ba mu yi ba." Ta rage murya. "Malama, ni fa ban saba magana gaban jama'a ba. Oga ne ya ce ni mace ce, yara za su fi sakewa da ni. Ya ba ni wannan in karanta. Duk abin da ake yi a nan ki riƙa nuna mini, kada in yi abin kunya."

Daga ƙofa zuwa filin taro akwai 'yar tafiya, su biyu ne kawai, ba yaro kusa. Febi ta buɗe baki. Sai ta tuna baƙuwa ce, yanzu ta iso, ko ruwa ba a ba ta ba, ya za ta tare ta da ƙorafin cikin gida? Wataƙila ma Baba ya fasa. Wataƙila ruwa ya sauko a watse. Ta ɗaga kai ta dubi hadarin.

"Sannu da hanya," ta ce. "Mun gode da kika zo."

Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka rera taken ƙasa. Martina ta hau dandamali, ta yi jawabinta ba gargada, muryarta har bayan layi. Ta ce sun daɗe suna tsoron 'yan sanda, yau suna son su san su. Aka tafa. Sajan ma ta tafa, takardarta a hammata.

Sai Malam Yosiya ya karɓi abin magana.

"Kafin babbar baƙuwarmu ta yi jawabi, akwai 'yan gyare-gyare."

Wani guna-guni mai haɗe da dariya ya ratsa layuka, don kowa ya san abin da ke tafe. Ya sauka ya bi layin maza, hannu a baya, yana duban kawuna kamar mai zaɓen kankana. Ya fizgo wani dogo mai tulin suma, ya fizgo wani da aka yi wa zane a gefen kai, ya ƙara da wasu. Suka durƙusa a gaba. Sannan ya juyo ya nuna dandamali da yatsa.

"Ke ma mai jawabi, sauko. Baki ya iya magana, kai bai iya bin doka ba."

Martina ta dubi Febi. Ta sauko a hankali, ta durƙusa a ƙarshen layi.

Malam Yosiya ya zaro almakashin, ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya miƙa wa Sajan. "Ranki ya daɗe, a nan haka muke karrama manya. Bisimilla."

Sajan ta dubi almakashin, ta waiwayo ta nemi idon Febi. Tambaya ce ƙarara a fuskarta: haka ake yi? Malamai duka suna tsaye a bayan Febi, ɗaruruwan yara a gabanta, ga Baba ya rusuna da furfurarsa. Febi ta sunkuyar da kai ta dubi takalminta.

Sajan ta karɓa.

Ta fara da dogon. Ta datse tsakiyar sumar, ta buɗe masa hanya daga goshi zuwa ƙeya. Fili ya ɗauki ihu. "Kai, wannan ai sheƙar tsuntsu ce," in ji ta, aka sake fashewa da dariya. Febi ta ga kafaɗun matar sun sauka, ta ga tsoron taron ya sake ta. Yara na dariya, ba gudu suke ba, ita kuma ta ɗauka an karɓe ta ke nan. Ta wuce na biyu da sauri, har tana tambayarsa ko wanzaminsa makaho ne. Gashi na zuba a kan fararen riguna. Malam Ɗanbala, da ke gefen Febi, ya daina dariya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malama, wannan ne darasin naki?"

Saura mutum ɗaya kafin Martina. Febi ta motsa. Ta sauka matakalar dandamali, ta tsaya, ta ƙara gaba.

Malam Yosiya ya zare ɗankwalin. Kalaba ce ƙanana, gajeru, ko kafaɗa ba su kai ba, gashin da ya tsiro bayan ciwo. 'Yan mata suka yi "wuuu."

Martina ta ɗaga kai, ta haɗa hannuwa a ƙirji. "Ranki ya daɗe, ban yarda ba."

Da ladabi ta faɗa, yadda aka koya mata. Na gaba-gaba suka ji, suka kwashe da dariya, na baya suka taya su ba tare da sun san dalili ba.

"Ba ki yarda ba?" in ji Sajan, tana murmushi, tana ɗaukar abin wasa. "Su waɗannan yarda suka yi?"

"Ranki ya daɗe, don Allah, ban yarda ba. Malama ta ce..."

"Sajan," in ji Febi. Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

Sajan ta kama sili ɗaya na gefen kunne.

"Tsaya!"

Kalmar da ƙarar almakashin tare suka fito. Silin ya faɗo a kan cinyar Martina, ya gangara ƙasa.

Ba wanda ya taɓa jin Malama Febi ta ɗaga murya, ko a aji. Ta tsinci kanta tsaye tsakanin Sajan da yarinyar, kuma maganar da ta kasa faɗa wa mutum ɗaya a gindin mangwaro, yanzu ta zubo gaban kowa, ba tsari: taifot, asibiti, gashin da ya zube, uwar da ta durƙusa, alkawarin da aka yi wa Allah, godiyar kaka da saura wata ɗaya. Tana faɗa tana jin yadda kowace kalma ke tuɓe yarinyar a bainar jama'a, amma ta kasa tsayawa sai da ta kai ƙarshe.

Sajan Saudatu ta dubi almakashin da ke hannunta. "Innalillahi," ta ce. "Malama, tun daga ƙofa muke tare. Na ce ki nuna mini."

Malam Yosiya ya matso. Fuskarsa ta canza, ba fushi ba ne, wani abu ne da Febi ba ta taɓa gani a kanta ba. Shi ne mai karɓar masu cika alkawari a gaban bagadi a cocinsu, ya san nauyin abin fiye da kowa a wurin.

"Febi," ya ce, bai ce ɗiyata ba. "Wannan ce maganar da kike ta juyawa ɗazu? Da kin ce mini alkawarin Allah ne, ni zan taɓa kanta?"

"Na zo, Baba."

"Kin zo kin ce maganar gashi ce."

Ya dubi ɗankwalin da ke hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba. Ya miƙa wa Martina. Sannan ya juya ga yaran da ke durƙushe, ya daka musu tsawar da ta fi ƙarfin laifinsu, ya ce su tashi su koma layi.

Sajan ta tsuguna, kaki da komai, ta ɗauki silin daga ƙasa, ta hure ƙurar da ta manne masa. Ta miƙa wa yarinyar da hannu biyu. "Ki yafe ni, 'yata."

Martina ta karɓa. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa gefen kunnenta, inda ɗan guntun ya tsaya tsaye, ta sake shafawa.

Dole taro ya ci gaba, don an jera kujeru, an kunna lasifika. Sajan ta ajiye almakashin a kan teburin baƙi, ta hau dandamali, ta warware takardarta. Ta fara karantawa da Turanci, tana tuntuɓe, cewa kowane ɗan ƙasa yana da mutuncin da ba a yarda a keta ba. Ta tsaya. Ta ninke takardar, ta koma Hausa.

"Abin da na yi yanzu, ba aikin ɗan sanda ba ne. Ba ni da ikon taɓa kan ko ɗaya daga cikinsu. Yarinyar nan ta ce ba ta yarda ba. Na ji ta da kunnena, amma na yanke." Ta share gumi da bakin hijabinta. "Abin da ta faɗa daidai ne. Ku riƙe shi. Ban san me zan ƙara muku ba."

Ba wanda ya san ko tafi ya kamata a yi. Wata iska mai ƙanshin ruwa ta taso ta kaɗa tutar makaranta, ta kwashi gashin da ke ƙasa ta watsa shi cikin layuka, yara suna ɗaga ƙafa. Febi ta juya don ta kama hannun Martina. Za ta ce mata za su je Gitata tare, ita za ta durƙusa gaban uwar ta yi bayani, za su ga fasto, sili ɗaya ne, wataƙila sili ɗaya bai karya alkawari ba. Ita kanta ba ta san ko haka ne ba.

Martina ba ta wurin. Ta riga ta ɗaura ɗankwalinta, ta bi ta bayan layin 'yan aji ɗaya, ba sauri ba, ba kuma a hankali ba. Ba ta shiga aji ɗaukar jakarta ba. Hannunta na dama a dunƙule yake a ƙirji. Maigadi ya miƙe daga bencinsa zai tambaye ta izinin fita, ya dubi fuskarta, sai ya ja ƙofar ya buɗe mata. Ta fita, ba ta waiwayo ba.